Tambaya da Amsa: Yaran da Birtaniya Ta Tura Gonakin Kanada da Ostiraliya

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na ji an ce akwai zamanin da Birtaniya take kwashe marayunta a jiragen ruwa zuwa wasu ƙasashe, a rarraba su ga manoma suna yi musu aiki, har daga baya gwamnatoci suka fito suka nemi gafara. Shin da gaske ne? Wane irin zama yaran suka yi a gidajen manoman, kuma me ya kawo neman gafara a kan abin da ni a ganina taimakon maraya ne? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Da gaske ne, kuma abin ya fi yadda kika ji girma. Daga 1869 zuwa ƙarshen shekarun 1930, an tura yara fiye da 100,000 daga Birtaniya zuwa Kanada kaɗai, galibinsu ba su wuce shekara 14 ba, har akwai 'yan shekara 4 da 5 a cikinsu. Sai dai mafi yawan waɗannan yara ba marayun da suka rasa uwa da uba duka ba ne. Suna da uwa ko uba da rai, talauci ne ya kai su gidajen raino, kuma iyaye da yawa sun miƙa su ne da niyyar su dawo su ɗauki abinsu idan hali ya samu.

A ƙarni na 19 masana'antu sun janyo jama'a zuwa birane irin su Landan da Liverpool da Glasgow, unguwannin talakawa suka cika maƙil, kuma idan magidanci ya mutu ko ya nakasa a wurin aiki, iyalinsa ba su da madogara sai gidajen gajiyayyu da dokar 1834 ta tsara, inda ake raba miji da matarsa, a raba uwa da 'ya'yanta. A ɗaya ɓangaren teku kuma, Kanada tana da filayen noma masu faɗi amma ba ta da isassun hannaye. Masu aikin jinƙai na coci suka ga kamar matsalolin biyu za su warware juna. Maria Rye ce ta fara kai ayarin 'yan mata a 1869, ta sauke su a wani tsohon gidan yari da ta mayar masauki a garin Niagara-on-the-Lake. Annie Macpherson ta biyo baya a 1870 da masaukinta na Belleville, sannan William Quarrier daga Sikotlan da John Middlemore daga Birmingham suka shiga. Wanda ya fi su duka shi ne Thomas Barnardo, wanda ƙungiyarsa ta fara kai nata ayarin a 1882, ta kuma tura kimanin yara 30,000. Gwamnatin Kanada tana biyan dala 2 a kan kowane yaro da aka shigo da shi, hukumomin talakawa na Birtaniya kuma sun ga kuɗin jirgi na tafiya ɗaya ya fi musu sauƙi da ciyar da yaro shekara da shekaru.

Ba na shakkar cewa yawancin waɗannan mutane sun yi niyyar alheri, domin sun ga yara suna kwana a ƙarƙashin gada cikin sanyi. Amma sun ɗauki talaucin iyaye tamkar laifi, sun kuma yi imanin cewa raba yaro da danginsa gata ne aka yi masa. An sha kai Barnardo kotu saboda ƙin mayar wa iyaye 'ya'yansu, kuma sau da yawa sai bayan jirgi ya tashi ake aika wa uwa takardar sanarwa cewa ɗanta ya tafi.

Game da zaman da suka yi, kowane yaro yakan tashi da akwatinsa guda, a ciki akwai tufafi da takalma da Littafi Mai Tsarki. Bayan kusan mako biyu a teku sai a sauke su a Quebec ko Halifax, a wuce da su masaukin ƙungiya, inda takardun manoma masu neman yaro suka riga suka taru. Daga nan a sa yaro a jirgin ƙasa shi kaɗai, an maƙala masa takarda a gaban riga mai ɗauke da sunansa da sunan tashar da zai sauka, ya je ya tsaya yana jiran mutumin da bai taɓa gani ba. Wa da ƙani da suka shigo jirgi ɗaya sukan rabu a wannan rana, wasu kuma ba su sake haɗuwa ba har abada. Yarjejeniyar da manomi yake sa wa hannu ta ce zai ciyar da yaro, ya tufatar da shi, ya bar shi ya je makaranta da coci, ya kuma biya shi ɗan lada idan ya tasa, kuɗin da ƙungiya take riƙewa har sai ya balaga. Yawanci sai ya kai shekara 18 yake fita daga wannan ɗauri.

Abin da ke rubuce ke nan. A aikace, yaron da ya tashi a lungun birni, wanda bai taɓa kusantar saniya ba, shi ne zai tashi tun kafin asuba cikin sanyin da ke daskarar da ruwa ya yi tatsa, ya kwashe kashin dabbobi, ya faskara itace, ya ɗebo ruwa, sannan ya bi maigida gona har faɗuwar rana. 'Yan mata kuma aikin gida ne ba hutu, ga haɗarin cin zarafi daga mazan gidan, kuma idan ciki ya shiga yarinyar ake ɗora wa laifi a mayar da ita masauki. Da yawa sun ba da labarin cewa a ɗakin dabbobi ko a saman rufi suke kwana, ba sa cin abinci tare da 'yan gida, makaranta kuwa sai lokacin hunturu idan aikin gona ya lafa. Idan manomi ya ga yaro ya cika ƙanƙanta ko rauni, sai ya mayar da shi ya nemi wani, shi ya sa aka sami yaran da suka zaga gonaki da yawa kafin su girma. Ga wasunsu, gudun gara aka yi aka faɗa gidan zago.

A ganina babban abin da ya ɓata wannan shiri shi ne rashin mai sa ido. Gonakin suna nesa da juna, mai duba yara yakan zo sau ɗaya a shekara idan ya zo, kuma sau da yawa a gaban maigida yake tambayar yaro lafiyarsa. Wane yaro ne zai kai ƙarar wanda zai kwana a gidansa a daren? Ba a rasa masu gargaɗi ba tun da wuri. A 1875 wani jami'in gwamnatin Birtaniya mai suna Andrew Doyle ya fitar da rahoto bayan ya zaga Kanada ya gana da ɗaruruwan yaran, ya ce ana miƙa su ga mutanen da ba a bincika ba, sannan a manta da su. An dakatar da tura yaran gidajen gajiyayyu na wasu shekaru, daga baya aka ci gaba. A 1895 wani yaron Barnardo ɗan shekara 15, George Green, ya mutu a wata gona a Ontario watanni kaɗan da isowarsa, an same shi a rame, jikinsa duk raunuka. An gurfanar da matar da yake yi wa aiki, masu taya alƙali hukunci suka kasa cimma matsaya, kuma abin takaici, jaridu da yawa suka juya suna zargin Birtaniya da turo musu yara marasa lafiya da 'ya'yan ɓata-gari. Wannan tabo ya bi yaran har tsufa, ya sa da yawa suka ɓoye asalinsu ga matansu da 'ya'yansu.

Adalci ne a faɗi cewa akwai waɗanda suka dace da gidajen kirki, aka riƙe su kamar 'ya'yan cikin gida, suka girma suka mallaki gonakinsu. Kimanin 10,000 daga cikinsu sun shiga sojan Kanada a Yaƙin Duniya na Ɗaya, wasu da burin jirgin soja ya mayar da su Ingila su nemi iyayensu. Ana ƙiyasin cewa kusan kashi 10 cikin 100 na mutanen Kanada a yau jikokinsu ne. Amma dacewa da gida nagari sa'a ce kawai, ba tsarin ne ya tabbatar da ita ba. Bayan ziyarar wata tawagar gwamnatin Birtaniya ƙarƙashin 'yar majalisa Margaret Bondfield a 1924, Kanada ta hana shigo da yara 'yan ƙasa da shekara 14 ba tare da iyayensu ba daga 1925.

TAMBAYA: Malam, idan Kanada ta rufe ƙofa tun wancan lokaci, yaya aka yi na ji cewa har yanzu akwai waɗanda abin ya shafa da ransu? Daga wani mai karatu.

AMSA: Malam, saboda akalar ta koma Ostiraliya ne, da kuma Niyu Zilan da Rodeshiya ta Kudu, wato Zimbabuwe ta yau, kuma ba a daina ba sai a 1970. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an tura yara dubbai zuwa Ostiraliya, wadda take son ƙara yawan fararen fata a ƙasarta. A can ba a cika raba su ga manoma ba, an fi tara su a makarantun koyon noma irin wadda Kingsley Fairbridge ya kafa a Pinjarra, da gidajen raino na coci. An yi wa yaran romon baka cewa za su je ƙasar rana da 'ya'yan itatuwa, an kuma gaya wa da yawa cewa iyayensu sun mutu alhali suna raye, su kuma iyayen aka ce musu wasu masu hali sun ɗauki riƙon 'ya'yansu a cikin Ingila. Wasu an canza musu suna da ranar haihuwa. A Bindoon, gidan da ƙungiyar cocin Katolika mai suna Christian Brothers take gudanarwa a Yammacin Ostiraliya, yaran ne da kansu suka gina manyan gine-ginen wurin, suna ɗaukar duwatsu da kwaɓa siminti ba takalmi, ga duka da lalata da aka yi da su, kamar yadda bincike ya tabbatar daga baya. A 1956 wata tawagar gwamnatin Birtaniya ta ziyarci waɗannan gidaje ta ce wasunsu ba su dace da yara ba, amma duk da haka aka ci gaba da turawa.

Asirin ya tonu ne a 1986, lokacin da wata mata daga Ostiraliya ta rubuta wa Margaret Humphreys, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a a Nottingham, tana cewa an sa ta a jirgin ruwa tana 'yar shekara 4, tana neman a taimaka mata ta san ko ita wace ce. Humphreys ta bi diddigi, ta kafa ƙungiyar Child Migrants Trust a 1987, wadda ta haɗa mutane masu yawa da danginsu, ko da yake wasu kabarin mahaifiya suka tarar.

Firaministan Ostiraliya Kevin Rudd ya nemi gafararsu a ranar 16 ga Nuwamba 2009, na Birtaniya Gordon Brown ya bi sahu a ranar 24 ga Fabrairu 2010, tare da ware fam miliyan 6 domin taimaka musu ziyartar danginsu. A Kanada majalisar wakilai ce ta amince da ƙudurin neman gafara a 2017, aka kuma keɓe 28 ga Satumba domin tunawa da su. A 2018 kwamitin binciken cin zarafin yara na Ingila da Wales ya ɗora babban alhakin abin da ya faru bayan yaƙi a kan gwamnatin Birtaniya, ya ce a biya waɗanda suka rage da rai diyya cikin gaggawa saboda tsufa ya cim musu, kuma daga 2019 aka fara biyan kowane ɗayansu fam 20,000. Waɗanda aka kai gonakin Kanada kafin yaƙi kusan duk sun riga mu gidan gaskiya kafin wannan lokaci, jikokinsu ne yanzu suke bin takardun jiragen ruwa da kundin Barnardo suna neman sanin garin da kakanninsu suka fito da sunayen 'yan'uwan da aka raba su da su.