Ina Ruwan Masanin Abinci da Lafiyar Muhalli?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce, ina karatun ilimin abinci mai gina jiki. Wani malaminmu ya ce nan gaba duk masanin abinci sai ya duba lafiyar muhalli kafin ya ba da shawara. Ni dai a sanina aikinmu shi ne tsara wa mai ciwon suga ko hawan jini abin da zai ci. Kuma duk abin da na karanta a kan batun, maganarsa ɗaya ce: a rage cin nama. Yaya zan dubi uwar da ɗanta ke fama da tamowa in ce ta rage nama? Don Allah a warware mini.
Wata ɗaliba daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Malaminku ya faɗi gaskiya, ke ma damuwarki tana kan hanya.

Wani bincike da aka buga a mujallar Nature Food a 2021 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na iskar da ɗan Adam ke fitarwa mai ɗumama duniya daga harkar abinci take fitowa, tun daga sare daji don noma, da kiwo, da takin zamani, har zuwa sufuri da zubar da ragowa. Abin kuma kanmu yake dawowa. Duk shekarar da damina ta yi gardama ko ambaliya ta cinye gonaki, mu ne muke ganin sakamakon a kan sikelin awon yara bayan 'yan watanni. Shi ya sa Brazil ta sa batun muhalli cikin ƙa'idojin cin abincinta tun 2014, hukumar abinci da noma (FAO) da ta lafiya (WHO) na Majalisar Ɗinkin Duniya kuma suka fitar da nasu na haɗin gwiwa a 2019.

Sai maganar nama, wadda ita ce ta tsaya miki a rai. Kwamitin masana na EAT-Lancet ya ba da shawara a 2019 cewa jan nama ya tsaya wajen giram 14 a rana, wato kimanin giram 100 a mako. Wannan gargaɗi ne mai ma'ana ga mutumin Amurka da ke cin fiye da kilo 100 na nama a shekara. Ɗan Najeriya kuwa, in aka raba daidai, bai kai kilo 10 ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuma adadin ya kai 57. Yaron da ke cikin wannan hali ƙari yake bukata: ƙwai, nono, kifi, hanta in an samu. Wanda ya hana shi da sunan kare muhalli ya zalunce shi. Haka nan Bafulatanin da shanunsa ke cin karmami a gona bayan girbi suna bar wa manomi taki, ba ɗaya yake da kamfanin da ya share dajin Amazon don kiwo ba.

Amma akwai wanda shawarar ta hau kansa a nan gida. Alhajin da ba ya kwana sai ya ci tsire ko balangu, ga teɓa, ga hawan jini, in kin ce ya mayar da naman sau biyu a mako ya cike da wake da kifi, kin taimaki zuciyarsa, muhalli ma ya samu sauƙi. Ki fara duba wanda ke zaune a gabanki kafin ki buɗe littafi.

Inda nake ganin aikinmu ya fi nauyi shi ne takardar tsarin abinci da muke miƙa wa marasa lafiya. Yana damuna ƙwarai in ga an rubuta wa tsohuwa daga ƙauye ta riƙa cin tuffa da hatsin gwangwani na ƙasar waje, alhali ga acca, ga gero, ga dawa, ga zogale a bayan ɗakinta. Ba za ta iya saye ba, sannan za ta koma gida da tunanin abincinta na gado ne ya jawo mata ciwo. Haka muke ƙara tura mutane ga biredi da taliyar leda, bayan mafi yawan alkamar da ake yin su da ita daga waje ake shigo da ita. Gero kuwa yana yi a ƙasar da ruwanta bai taka kara ya karya ba, dalilin da ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa. A Nijar an fitar da irin gero mai suna Chakti a 2018, mai yawan sinadarin ƙarfe da ke taimakon masu ƙarancin jini. Wake shi ma saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarsa ta ciyar da dabbobi, in kuma ya haɗu da hatsi a kwano ɗaya sai kowanne ya cike giɓin ɗan'uwansa wajen gina jiki. Sai dai ki kiyaye, gero ba maganin ciwon suga ba ne. Furar da aka zuba wa suga cokali huɗu za ta tayar da sugan jini, tuwon dawa ma sai da awo, a rage malmala a ƙara miyar ganye.

Sai asara. FAO ta ƙiyasta a 2011 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa a duniya lalacewa yake ko a zubar. A wajenmu yawancin asarar tsakanin gona da kasuwa take. Ki je Kadawa a jihar Kano lokacin da tumatir ya yi yawa, ki ga kwanduna jere a bakin titi, na ƙasa ya riga ya fashe yana tsiyaya tun mota ba ta iso ba. Koya wa mata shanya kauɗa da kuɓewa a kan abin da aka ɗaga daga ƙasa, nesa da ƙura da awaki, aikin masanin abinci ne. Haka ma tukunya cikin tukunya da yashi mai laima a tsakani don sanyaya kayan lambu, dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya samu kyautar Rolex a 2000. Ga kuma buhun PICS mai ruɓi uku, wanda ke kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska. Wannan ya fi barbaɗa maganin ƙwari a buhu, ɗabi'ar da ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Najeriya a 2015, mu kuwa muna ci.

In Allah Ya kai ki aiki a asibiti ko makarantar kwana, alƙalaminki zai yi tasiri fiye da bakinki, domin jadawalin abinci ɗaya shi ke yanke abin da za a sayo buhu-buhu. Ki nemi a sayi hatsi da ganye daga manoman yankin a lokacin kakarsu. Ki sa a jiƙa wake tun dare don ya rage cin itace, masu girki ma su huta da hayaƙi. Ki auna ragowar da ke dawowa daga ɗakunan marasa lafiya na mako guda, ki gano wane abinci ake bari da kuma dalili. Wannan kaɗai ya isa aikin bincikenki na kammala digiri. Shayar da nonon uwa zalla na wata shida kuwa, ba gwangwani, ba tafasa ruwa, ba kuɗi, ki tsaya a kansa da ƙarfinki.

Akwai iyaka. Mai ciwon ƙoda da ya yi nisa, wake da zogale na iya yi masa yawa saboda sinadarin fotasiyam, don haka gwajin jininsa za ki bi. Yaro mai tamowa mai tsanani kuma, ki ba shi haɗin gyaɗar nan na leda da ake rabawa a asibiti ba tare da wani ɗar ba, ledar a tattara ta daga baya. Sai ya warke ne za ki zauna da uwarsa ki nuna mata haɗa kunun gero da waken suya da gyaɗa, da yadda za ta soya su sama-sama kafin niƙa.