Kafin ka nemi biza, je ka duba kafaɗar Kawu

Ƙanena, na saurari saƙonka sau biyu. Ka ce bautar ƙasa ta zo ƙarshe, digirin gashin ƙashi na Jami'ar Bayero yana hannu, kana so in nuna maka hanyar Ingila, don a ganinka aikin a gida bai wuce tausa da man zafi ba. Can a wutsiyar magana ka ce ɓarin jikin Kawu ya shanye wata biyu ke nan, an sallamo shi daga asibiti a Birnin Kudu, yana kwance a ƙauye. Wannan ne ya hana ni barci.

Maganar takardu ba ta da tsawo. Ka tabbatar rajistarka da MRTB, hukumar da ke yi wa masu gashin ƙashi rajista a gida Najeriya, tana nan daram. A nan Ingila ba ka taɓa majinyaci sai HCPC, hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiya irinmu rajista, ta yi maka rajista, bayan ta bi karatunka dalla-dalla. Jarrabawar Turanci ta IELTS maki 7 ake so, kada wani ɓangare ya gaza 6.5. Sai asibitin da zai ɗauki nauyin bizarka, da gwajin tarin fuka. Duk kuɗi ne, kuma guraben masu farawa ko 'yan ƙasa rububinsu suke yi.

A sashen masu shanyewar ɓarin jiki nake aiki. Ni ma da na zo, na'urori nake ta waige-waigen gani. Akwai su, amma yawancin yinina da gado da kujera da ƙirge yake ƙarewa: tashi, zauna, sake tashi. Ƙwaƙwalwar da jini ya yanke wa wani sashe tana iya buɗe sababbin hanyoyi, sai dai maimaici kawai take ji, kuma ta fi karɓa a wata uku zuwa shida na farko. Wani lokaci har safa mai kauri muke sa wa lafiyayyen hannu, don a tilasta wa raunannen ya yi aiki. Inda asibitocin nan suka fi na gida shi ne sauri. Idan gudan jini ne ya toshe jijiya, akwai allurar narkar da shi da ake yi cikin awa huɗu da rabi, bayan hoton kai. Gashin ƙashi kuma tun majinyaci yana gadon asibiti ake farawa, a bi shi har gida. Mu kuwa kafin a gama cewa iska ce ta buge shi, a yi hayaƙi, a sha rubutu, sati ya wuce. Ban hana addu'a ba, ni ma ina yi, amma hawan jini ne kan gaba wajen jawo wannan ciwo.

Kawu yana cikin waɗannan watanni masu tsada. Na san gidanmu: za a riƙa ɗaga shi ta hannun da ya mutu, kafaɗar ta zame daga gurbinta, ciwo ya hana shi motsi gaba ɗaya. Ka hana. A tallafe hannun da matashi, a riƙa juya shi duk awa biyu saboda gyambon kwanciya. Kada a ba shi kunu yana kwance, idan yana ƙwarewa a koma asibiti. Kife turmi jikin bango ya koyi tashi a kai, kafa gora biyu a tsakar gida ya riƙa dafawa. Idan yatsun sun fara motsi, ba shi carbinsa a wannan hannun, ba za ka sha wahalar sa shi maimaici ba. Babban aikinka ma Inna ce, don tausayi zai sa ta yi masa komai, har sa hula. Lallaɓa ta ta bar shi ya yi fama.

Ka riƙa rubuta abin da ya iya kowane mako, da kwanan wata. Ranar ganawar neman aiki, irin tambayar da ake yi ke nan: ba mu labarin majinyacin da ka kula da shi, me ka auna, me ya canja.

Ranar Juma'a ka hau tudun makarantar firamare inda sabis yake kamawa, ka turo mini bidiyon yadda yake tashi daga zaune, ta gaba da ta gefe. Ka ɗauko mini da kwalin maganin hawan jinin, in ga ko yana sha. Ka gaishe da Inna.