Na sayi salula ta intanet, duwan kuma na neman ƙarin kuɗi

Tambaya daga wani ɗalibi a unguwar Yantala, Yamai: Malam, na sayi salula a wani shagon intanet na Faransa a kan yuro 240, na biya kuɗin aike daban. Da ta sauka Yamai sai aka ce sai na biya TVA da kuɗin duwan kafin a miƙo mini. To harajin da na biya can fa? Ko dai cuta ce?

Ƙanena, kuɗin da ake nema a nan ba cuta ba ne. Abin da nake tsoro shi ne kada a ce ka biya na can, wanda bai hau kanka ba.

TVA haraji ne na wurin da za a yi amfani da kaya, ba na wurin da aka ƙera su ko aka sayar ba. Salularka a Nijar za ta yi aiki, don haka baitulmalin Nijar ke da hakki a kanta, kuma a nan kashi 19 cikin ɗari ne. Faransa nata kashi 20 ne, amma dokarsu ta ce kayan da za a fitar wajen Tarayyar Turai ba a ɗora musu shi. Farashin da kake gani a shagunansu yawanci na mutanen can ne, da harajin a ciki. Shi ne suke rubuta wa TTC. Wanda babu haraji kuma HT. Shago mai tsari, da zarar ka sa adireshin Yamai, farashin zai sauka da kansa. Salular yuro 240 za ta koma yuro 200. Wannan yuro 40 ɗin, a canjin 655,957 da sefa ke ɗaure da shi, ya haura jika 26. Ba kuɗin wasa ba ne ga ɗalibi.

Koma ka buɗe takardar sayen da suka aiko maka ta imel. In ka ga layin TVA 20%, alhali adireshin da ke kai na Nijar ne, rubuta musu ka nemi a maido maka, ka haɗa da takardar duwan ta nan a matsayin shaidar cewa kayan sun fita Turai. In kuwa adireshin wani ɗan'uwa da ke Faransa ka sa, shi ya karɓa ya turo maka, to a wurin shagon ciniki ne na cikin gida, kuma da wuya kuɗin nan ya dawo. Nan mutanenmu da yawa ke biya sau biyu ba su sani ba, kuma abin yana damuna, domin minti biyu na duba farashi kafin a danna "biya" ya isa ya hana.

Yanzu lissafin nan gida. Duwan ba ta kallon kuɗin salula kaɗai. Tana haɗa farashin kaya da kuɗin aike da inshora, abin da ma'aikata ke kira CAF. A kan wannan ake fara sa kuɗin fito. Jadawalin yankinmu da ya fara aiki a 2015 yana da matakai biyar, 0 da 5 da 10 da 20 da 35 cikin ɗari, kowane kaya da matakinsa. Akwai kuma ƙananan kuɗaɗe, cikinsu har da na 0,5% da ƙasashen AES, wato Nijar da Mali da Burkina Faso, suka sa a watan Maris na 2025 a kan kayan da ke shigowa daga waje. Sai an tara waɗannan duka ake lissafa TVA a kan jimillar. Ka ɗauka, don misali kawai, kaya da aike sun kai sefa 150.000, kuma matakinsu kashi 10 ne. Kuɗin fito 15.000, jimilla 165.000, TVA ɗinta 31.350. Ka ga an kai 46.350 tun ba a sa ƙananan ba. Shi ya sa nake ce wa kowa ya je ya tayi irin salular a kasuwar Yamai tukuna. Sau da yawa arahar intanet a bakin duwan take ƙarewa, ga shi in ta lalace babu wanda za ka mayar wa.

Duk abin da ka biya, ka karɓi takardar duwan mai lamba da hatimi. Ladan mai fito da kaya ko kamfanin aike daban yake da haraji, ka nemi a rarrabe maka su a rubuce.

Tambaya daga wata ƴar kasuwa a Tawa: Ina sayen cajoji da rigunan salula a AliExpress. Ɗiyata da ke karatu a Faransa ta ce su tun wurin biya ake cire musu haraji, kaya su zo ƙofar gida ba wanda zai tambaye su ko dala. Mu me ya hana?

Hajiya, abin da ɗiyarki ta faɗa gaskiya ne. A da, Turai ba ta karɓar TVA a kan ƙunshin da bai wuce yuro 22 ba. Masu sayarwa daga waje suka riƙa rubuta ƙaramin farashi a kan kowane kwali, ƴan kasuwar can na kuka. Daga 1 ga Yuli 2021 aka soke rangwamen, aka kafa wani tsari mai suna IOSS: in kaya ba su wuce yuro 150 ba, shagon intanet ɗin shi ke karɓar harajin a wurin biya, ya miƙa wa ƙasar mai saye. Tsarin na Turai ne kaɗai, adireshin Tawa ba ya cikinsa. Don haka in shagon bai nuna miki layin haraji ba, ki ɗauka ba a biya ba, ki ware kuɗinsa.

Akwai haruffa uku da za ki riƙa nema a sharuɗɗan aike. DDP na nufin mai sayarwa ya ɗauki nauyin duwan da haraji har kaya su iso. DAP na nufin shi zai kawo, ke za ki biya duwan. Kalmar "aike kyauta" kuwa kuɗin jirgi kawai ta shafa.

Tun da sayarwa kike yi, ga abin da ya fi muhimmanci. Ɗan kasuwar da ke da lambar NIF, wato lambar rajistar mai biyan haraji, kuma yana cikin tsarin masu karɓar TVA yana iya cire abin da ya biya a duwan daga wanda ya karɓa hannun masu saye. Mai sayen amfanin kansa ba shi da wannan dama, a kansa harajin ke tsayawa. Ki je ofishin haraji na Tawa ki tambayi tsarin da rajistarki take ciki, kuma ki tabbatar sunanki ne a kan takardun fito, ba na mai mota ba.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Bukoki: Yayana zai aiko mini da kwamfuta daga Faransa. Ya ce zai rubuta "kyauta" a kan kwali, ya sa farashi kaɗan. Zai yi?

Malam, kada ya yi. Takardar da ake mannawa a kwalin gidan waya, CN22 ko CN23, bayani ne ga duwan, kuma ma'aikaci na da ikon buɗe kwali ya kimanta kayan da kansa. Kwamfuta sabuwa ba ta ɓoyuwa, lambarta kawai za a sa a intanet farashinta ya fito. Ga tara, ga jinkiri, kuma in kwalin ya ɓace a hanya, diyya ba za ta wuce abin da ya rubuta ba. In kai ne za ka je Faransa da kanka, akwai hanya ta halal: mazaunin wajen Turai da ya yi sayayyar sama da yuro 100 a shago ɗaya yana neman takardar maido haraji, ya tabbatar da ita a na'urar PABLO ta filin jirgi kafin ya tashi. Harajin Nijar dai yana nan yana jira a filin jirgin Diori Hamani.

Tambaya daga wata uwargida a Talaje: Saƙo ya shigo salulata cewa kayana na tsare, in danna wata mahaɗa in biya jika 2 na duwan. Kuma lalle ina jiran kaya.

Uwargida, kada ki danna. Irin saƙon nan dubban lambobi ake tura wa a lokaci guda, don an san ba a rasa mai jiran kaya. Ba jika 2 ɗin suke so ba, lambar katinki da lambar sirrin da banki zai turo miki suke nema. Ki ɗauki lambar bin sawun kayanki, ki buɗe shafin kamfanin aiken da hannunki, ki sa ta. In da gaske akwai abin biya, ki je ofishinsu ko gidan waya ki biya a kan tebur, a ba ki takarda. In kuma kin riga kin shigar da lambar kati, ki kira bankinki yanzu su rufe shi.