Tirela mai ɗaki da motar da za ta ja ta: wacce zan fara saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a birnin Houston na jihar Texas a Amurka, ina sayar da atamfa da shadda da turaren wuta da jakunkunan fata a bukukuwan 'yan Afirka da kasuwannin ƙarshen mako. Kuɗin otal da na hayar gida suna cinye min riba. Ni da maiɗakina mun shirya mu saki gidan, mu sayi tirelar nan mai ɗakuna da ake kira fifth-wheel, mu riƙa bin kasuwanni da ita duk shekara. Ina da dala 90,000. Wani dila ya ce a-kori-kurar Ford F-250 ta ishe ni, tunda tana iya jan abin da ya fi tirelar da nake so nauyi. In saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Dakata tukuna. Dilan bai yi maka ƙarya ba, rabin zancen ya faɗa ya haɗiye rabi. Ƙarfin ja daban, ƙarfin ɗauka daban. Jakin da zai ja amalanke cike da buhuna, ka ɗora masa rabinsu a baya ka ga ya durƙusa.

Irin wannan tirela ba a bayan bamba ake ɗaura ta ba. Wuyanta na hawa cikin bodin a-kori-kura, ya zauna kan wani farantin ƙarfe da ke saman tayoyin baya, kamar yadda bodin tirelar kaya ke hawa kan motar da ke jan ta. Shi ya sa ta fi natsuwa a hanya, shi ne kuma ya sa motar take ɗauke da kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na nauyinta. To, zo mu yi lissafi. A ce iyakar nauyin tirelar idan ta cika laba 16,000 ne, wato kilo 7,250 da 'yan kai. Abin da zai danne motar laba 3,200 ne zuwa 4,000. Ƙara farantin, wajen laba 200. Ƙara kai da Hajiya da akwatin kayan gyara da janareta. Kafin ka ankara ka wuce 4,000. F-250 da takwarorinta Ram 2500 da Silverado 2500HD, musamman masu injin dizal, sau da yawa ba sa kaiwa nan, domin nauyin injin ya riga ya ci wani kaso.

Kada ka nemi wannan adadi a takardar talla. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai takarda manne da ke faɗin iyakar abin da wannan motar, ita kanta, za ta ɗauka na mutane da kaya. Ita ce alƙaliyarka. Sannan idan ka duba tirela, yi watsi da nauyinta fanko da dillalai ke son ambata. Wanda tirela ta zama gidansa ba ya yawo fanko, balle ɗan kasuwa. Ruwa kaɗai, kowane galan ya haura laba 8. Bandiran shadda kuwa ka fi ni sanin nauyinsu.

Don haka tirela za ka fara zaɓa, sannan ka nemo motar da ta fi ƙarfinta. Da ni ne, F-350 ko Ram 3500 mai taya huɗu a baya zan nema, mai dogon bodi ƙafa 8, don a gajeren bodi wuyan tirela na iya bugar gilashin baya wajen shan kwana. A tirelar kuma ka duba samfurin da ake kira toy hauler, mai gareji da babbar ƙofa a baya. Don babura aka yi garejin, amma ga mai haja sito ne.

Akwai abin da dilan ba zai taɓa ba, kuma shi ya fi damuna. Sassaucin da doka ke yi wa masu irin wannan tirela na masu yawon shaƙatawa ne. Kai haja za ka ɗauka ka tsallaka jihohi. Motar kasuwanci mai tsallaka jihohi, idan nauyinta da abin da take ja ya kai laba 10,001, ana bukatar ta yi rajistar lambar USDOT ta ma'aikatar sufurin Amurka. Idan jimillar ta kai 26,001 kuma tirelar ta haura 10,000, maganar lasisin manyan motoci na CDL ta taso. Mota mai laba 14,000 da tirela mai 16,000 sun ba ka 30,000. A Texas ko ba kasuwanci kake ba, wannan nauyi na bukatar lasisi ajin A. Ka je ofishin lasisi ka faɗa musu ainihin sana'arka kafin ka biya sisi. Haka za ka yi da kamfanin inshora: ka ce ciki kake zaune, kuma haja kake ɗauka. Inshorar masu yawon shaƙatawa ba ta biyan kayan sayarwa idan gobara ta tashi, kamfanonin ƙera tirela da dama kuma ba sa karɓar garantin tirelar da aka yi kasuwanci da ita.

Sai kuɗin. Kada ƙarfe ya cinye jarin. Sabuwar tirela tana faɗuwa daraja tun ranar da ta bar wurin dila, bashinta kuma ana shimfiɗa shi har shekara 15 ko 20 da kuɗin ruwa, abin da na san ba za ka so ba. Ka sayi na hannu duka biyun, ka biya ƙwararre ya duba rufi da ƙasan tirelar saboda yoyo, ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kuɗin don haja da gyara da dizal da kuɗin filin kwana. Mota mai jan wannan nauyi da wuya ta wuce mil 10 zuwa 12 a galan.

Kafin ku saki gidan, ku yi hayar irinta na wata guda ku gwada kasuwa biyu ko uku, ko da ta garin Quartzsite ce a jihar Arizona a watan Janairu. Ku loda haja yadda za ku riƙa lodawa, ku hau sikelin awon mota na kamfanin CAT a tashar manyan motoci. Ka turo min takardar awon da lissafin cinikin watan, sai mu duba tare.