Amsa ga mai tambaya kan aikin gida na tarihi

'Yar'uwa, wallahi ina karanta tambayarki raina ya sosu. Kin ce an ba 'yarki aikin gida ta lissafa Hausa Bakwai, ta kuma faɗi abin da ya jawo jihadin Shehu, ga na waya daban, ga na littafinta daban, kin rasa wanda za ki kama. Na ɗanɗana wannan ɗacin.

Bakwai ɗin su ne Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Haka ɗana ya rubuta yana aji ɗaya na ƙaramar sakandare, bayan kakarsa ta zaunar da shi ta ba shi labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu. Malamin ya sa jan biro ya soke Biram, ya rubuta Sakkwato a samanta, ya tsayar da yaron gaban aji ya ce uwarsa ta koya masa shirme. Ya dawo idonsa jawur, ko abinci bai taɓa ba, littafin a cukuikuye can ƙasan jaka. Sakkwato fa! Garin da Muhammadu Bello ya gina a 1809, bayan an ci Alkalawa, ta ina zai shiga labarin da ya girme shi nesa ba kusa ba? Na je makarantar, mutumin nan ko ɗago kai bai yi ba, yana ta danna waya, wai haka yake a takardarsa. Makin bai mayar ba, haƙuri bai ba yaron ba. Na bar shi da Allah.

Batun jihadi, ta rubuta zaluncin sarakuna, yawan haraji, da cakuɗa addini da al'adun gargajiya. Sarkin Gobir Nafata har rawani da mayafi ya hana jama'ar Shehu. A zamanin Yunfa ne Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, aka gwabza a Tabkin Kwatto.

Don Allah kada ki rubuta mata. Ta faɗa miki da bakinta tukuna, kina girki kina ji. Ni kwalin indomi na yanka na rubuta 1804, 1903 da Turawa suka ci Kano da Sakkwato, 1914 da Lugga ya haɗe Arewa da Kudu, sai 1960, na manna a bango.

Abin da ke ci mini rai, wajen 2009 aka cire tarihi daga ƙananan makarantu, sai bayan kusan shekara goma aka dawo da shi. To wa ya horar da masu koyarwar? Mu iyaye aka bari da jidali. In kuna kusa da Kano ki kai ta Gidan Makama ranar hutu, ta gani da idonta.

Ki turo hoton shafin littafin nata mu ga inda ya saɓa.