Tambaya da Amsa: Meditate, Contemplate da Danginsu a Turancin Yau da Kullum

Tambaya daga wani ɗalibin aji shida a Gusau: Malam, na rubuta "My father meditated for one week before he bought the land" a insha'ina, sai malaminmu ya ja wa meditated layi da jan biro. Ƙamus kuwa ya ce ma'anarta zurfin tunani. Ina kuskuren?

Amsa: Ta fuskar nahawu jimlarka lafiya lau take. Matsalar tana wurin abin da mai jin Turanci zai hango. A yau idan meditate ta tsaya ita kaɗai, babu "on" a bayanta, Bature zai hango mutum zaune ya tanƙwashe ƙafa, ido a rufe, yana bin numfashinsa na minti goma ko ashirin don zuciyarsa ta natsu. Al'ada ce da aka fi sani da mabiya Buddha da Hindu, ta kuma bazu a Turai da Amurka har an yi mata manhajoji a waya. Mai yin haka ƙoƙarinsa ya sauke tunani ne, alhali babanka tara tunani yake yi: kuɗin filin, takardunsa, da maƙwabta. Jimlarka ta nuna kamar ya shiga halwa ta mako guda.

Abin da ya dace shi ne "My father thought it over for a week", ko "mulled it over". Ka lura da mazaunin "it", a tsakiya take zama. Idan kuma suna ne cikakke, kana iya kai shi ƙarshe: "He thought over the offer".

Da ka sa "on", ma'anar ta koma kusa da abin da ƙamus ya faɗa maka. "She meditated on the verse" tadabburi ne, juya aya ko magana mai nauyi a zuci. Amma wannan harshen wa'azi da littattafai ne, ba a ɗauko shi don cinikin fili.

Tambaya daga wata ma'aikaciya a Kaduna: Wanne ne daidai, "I am contemplating to resign" ko "I am contemplating on resigning"? Duka biyun ina jin su a ofis.

Amsa: Hajiya, babu ko ɗaya. Daidai shi ne "I am contemplating resigning". Contemplate ba ta karɓar "to", ba ta karɓar "on". Abin da ake tunanin yana bin ta kai tsaye, idan kuma aikatau ne sai ya ɗauki "-ing". Kuskuren farko daga "plan to" da "decide to" ake kwaikwayo shi. Na biyun kuwa har da hannun Hausa a ciki, domin mun saba cewa tunani a kan abu, sai mu ɗauki "a kan" ɗin mu kai Turanci.

Sai ma'ana. A hirar yau da kullum contemplate ta fi nufin mutum yana auna ko zai aikata wani abu mai nauyi, bai kuma yanke shawara ba: barin aiki, aure, ƙaura, kai ƙara kotu. Saboda haka ki yi hattara da inda kike furta jimlar nan, don shugabanki zai fahimci cewa kin fara haɗa kayanki. Ba a kuma amfani da ita a ƙananan abubuwa sai da zolaya. Wanda ya ce yana contemplating shan shayi, raha yake yi.

Ma'anar shiru da natsuwa ta fi zama a cikin sunan, wato contemplation: "He sat in quiet contemplation", ko "She was lost in contemplation". Nan ne ya yi daidai da tafakkurinmu. Idan rubutun aiki ne, kamar rahoton ƙarshen shekara, reflect ce ta fi kowacce sauƙin ɗauka, ita kuma tana son "on": "We reflected on last year's results". Daga nan ne "sober reflection" ta fito, wadda ba a rasa ta a saƙonnin shugabannin Najeriya na Salla da na ranar 1 ga Oktoba. Ta sha jiki, a ganinmu gara a bar ta ta huta. Ponder kuwa ba ta da fitina, ko ki ce "ponder the question" ko "ponder over the question", duk an yarda.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi: Ina so in gaya wa abokin cinikina Bature cewa mahaifina dattijo ne mai yawan shiru da tunani. Wani ya ba ni brooding, wani ya ce ruminating.

Amsa: Alhaji, kada ka ɗauki ko ɗaya, duka biyun ba yabo ba ne. Brood zulumi ne, mutum ya yi tagumi yana riƙe da ɓacin rai: "He is still brooding over the insult". Ruminate asalinta tuƙar da saniya ke yi, ta dawo da abin da ta haɗiye ta sake taunawa. Ana iya jin ta babu aibu a rubutun adabi, amma masana halayyar ɗan Adam suna kiran rumination ga maimaita baƙin tunani ba fita, irin wanda ke tafe da ciwon damuwa. Ka ce da shi "My father is a quiet, thoughtful man", ko "a reflective man". Pensive ma tana nan, sai dai tana ɗauke da ɗan jimami, kuma ta fi siffanta yanayin fuska na wani lokaci fiye da halin mutum: "You look pensive today".

Tambaya daga wata mai shirin WAEC a Azare: Mediate da meditate ɗaya ne? Kuma ina ake danna murya?

Amsa: Harafin "t" guda ya raba su. Mediate shiga tsakani ne don sulhu, aikin da mai unguwa ke yi idan maƙwabta sun saɓa: "The elders mediated between the two families". Kwamfuta ba za ta kama miki wannan kuskuren ba, tunda dukkansu kalmomi ne na gaske, sai kin duba da idonki.

Batun danna murya yana fitowa a ɓangaren furuci na jarrabawar. Mu nan mun saba danna gaɓar ƙarshe, Turancin Ingila kuwa ta farko yake dannawa: MEDitate, CONtemplate, RUminate, MEdiate. Da an ƙara "-tion" sai nauyin ya koma gaɓar da ke dab da ita: mediTAtion, contemPLAtion, reFLECtion. Wadda ta fi kayar da ɗalibai ita ce siffar, conTEMplative, inda nauyin yake kan gaɓa ta biyu.