Tambaya da Amsa: Ina "net send" ya shige?

TAMBAYA: Salamu alaikum Yaya. Ina da shagon koyar da kwamfuta a Aboabo, nan Kumasi. Kwamfuta goma ne, shida a ƙasa, huɗu a bene, duk a kan rauta ɗaya (na'urar da ke haɗa su da juna), duk Windows 10. Idan aka ɗauke wuta, batirinmu bai fi minti goma yake riƙewa ba, sai na hau bene da gudu ina ihu kowa ya ajiye aikinsa. Kawuna ya ce a zamaninsu "net send" suke rubutawa a baƙin allon nan na cmd, saƙo ya faɗo a gaban kowa. Na gwada, sai ta jero mini wasu kalmomi kawai. Ni na yi kuskure, ko shi ne ya manta?

Ƙaninka daga Aboabo

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kawu bai manta ba, kai ma ba ka yi kuskure ba. Abin ne ya riga mu gidan gaskiya.

Ni ma ɗan zamanin ne. A 2003 ina tsaron wani shagon intanet a Nima, can Accra, muna kan Windows XP. Wata rana wani yaro ya so ya gaida wata yarinya da ke kwamfuta ta bakwai, maimakon sunan kwamfutarta sai ya sa alamar tauraro, wadda ke nufin kowa da kowa. Gaisuwar ta faɗo a kan kowane allo a shagon, har da na wani Alhaji mai rubuta wa ɗansa wasiƙa zuwa Jamus. Yaron ko canjinsa bai tsaya karɓa ba.

To, abin da ya ba mu dariya shi ne ya kashe net send: ba ya tambayar wane ne mai magana. Masu tallar banza suka gano haka, suka riƙa jefo saƙonni daga intanet kai tsaye kan allon mutane. A 2004 Microsoft ta kashe shi a sabuntawar XP da ake kira Service Pack 2, sai wanda ya kunna da kansa. Da Windows Vista ta fito kuwa aka cire shi ɗungurungum.

Magajinsa shi ne msg. Amma kafin komai, rubuta winver ka ga irin Windows ɗinka. Idan Pro ce, madalla. Idan Home ce, babu msg a cikinta, kar ka ɓata yininka. Wannan na kan kama masu sayen kwamfutar hannu na biyu, don sau da yawa da Home suke zuwa.

Fara gwadawa a kan taka: msg * "gwaji". Akwati zai fito da saƙon. Sai ka je ɗaya daga cikin na bene, ka rubuta hostname ka ga sunanta, a ce BENE1. Ka dawo ƙasa ka rubuta:

msg * /server:BENE1 /time:120 "An dauke wuta, kowa ya ajiye aikinsa"

Tauraron a nan yana nufin duk wanda ke kan waccan kwamfutar kaɗai, ba duk shagon ba. Lambar 120 daƙiƙoƙin da akwatin zai tsaya ne. Idan ba ka sa ba, minti ɗaya yake yi ya ɓace.

Na san karon farko ba zai tafi ba, kuma a nan mutane ke zuciya su bari. Duba lambar kuskuren. Idan 1722 ce, ba a kai ga kwamfutar ba ma: gwada ping BENE1 ka ga ko za ta amsa, ka kuma tabbatar an kunna raba fayil da firinta a kanta. Idan 5 ce, an ƙwanƙwasa ƙofa, mai gida ya ce bai san ka ba. Abu biyu ke gyara wannan. Na farko, a kan kowace kwamfutar da za ta karɓi saƙo, buɗe cmd da ikon mai gudanarwa ka rubuta:

reg add "HKLM\SYSTEM\CurrentControlSet\Control\Terminal Server" /v AllowRemoteRPC /t REG_DWORD /d 1 /f

Kwafe shi harafi da harafi, rajista, wato ma'ajiyar saitunan Windows da wannan layi ke taɓawa, ba wurin ƙwarewar hannu ba ce. Sai ka kashe ta ka kunna. Na biyu, ka buɗe asusun mai gudanarwa mai suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya a kan dukansu, ka riƙa aikawa daga shi. Kalmar nan ta zauna a kanka kai kaɗai. Ɗaliban Aboabo ba su fi na Nima haƙuri ba. Ranar da suka same ta, za ka ga abin da Alhajin nan ya gani.

Da zarar ɗaya ta amsa, ka jera layin msg ɗin nan sau tara a Notepad, kowace kwamfuta da nata, ka ajiye da suna wuta.bat. Danna sau biyu ya ishe ka. Ka lura na rubuta "dauke" ba lanƙwasa? Da gangan ne: haruffanmu ɗ da ƙ sukan fito a birkice daga irin wannan fayil.

Kar ka sa ran hira, msg shela ce irin ta sankira, ɗalibi OK kawai zai danna. 

Saura tambaya ɗaya da ba ka yi ba: rautar taka a ina take jone? Idan a bango take kai tsaye, da wuta ta tafi ita ma ta mutu, saƙonka ba inda za shi, kuma benen nan na jiranka. Mayar da ita kan batirin yau ɗin nan. A gaida kawu.